Jan Zaren da Na Gani Na Yi Shiru

Ƙofar Na'isa, Kano

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya raya ki tun kina goye a bayan Mamanki har yau da kika zama ma'aikaciyar jinya. Ina roƙonsa ya kai ki Malumfashi lafiya, ya kiyaye motar da direbanta, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki. Mamanki ta riga ta cika miki kunne da nata gargaɗin, ina jin ta daga ɗaki. Nawa ba zai faɗu da baki ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Kin san halin ubanki, in ya fara magana mai nauyi sai ya ƙare da faɗa. Ki karanta wannan a mota bayan kun fita gari, ba a gabana ba.

Zan fara da abin da ya fi ba ni kunya don in huta. Ranar da takardar aikinki ta zo, kika shigo da gudu kina cewa, "Baba, Malumfashi aka tura ni, shi ke nan gidan Baffa Yohanna zan sauka," kin ga na tashi na ce kaina ke ciwo. Kaina ƙalau yake. Fuskarki na gani, yadda ta yi haske da kika ambaci sunan ƙanena. Ni na haife ki, ni na wanke hulunan mutane shekara da shekaru har kika gama makaranta, amma sunansa ne ya sa ki tsalle. Ga ni da furfura, ana kira na dattijon ikilisiya, ina kishin ƙanena a kan 'yar cikina. Ki yi dariya in kina so, Mamanki ma ta yi.

Kin taso kina jin cewa Baffanki ya bar Kano ne domin sakacinsa ya ɓata hulunan mutane. Daga bakina kika ji, haka kuma na gaya wa kowa. To, ba haka aka yi ba. Akwai wani buhu da na ɗaure na jingine kusa da akwatinki, na ce wa Mamanki tsaraba ce. Kada ki kwance shi. In kin gama karatu za ki san abin da ke ciki. An gaya mini hawan jini ya taɓa Baffanki a bana har harshensa ya yi nauyi, don haka ba ni da sauran lokacin jan ƙafa.

Ni na fara zuwa birni daga ƙauyenmu. Alhaji Sule mai wankin hula a Koki shi ya karɓe ni. Ya san ni Kirista ne, bai taɓa matsa mini ba, ran Lahadi ma shi ke cewa, "Haruna, ba ka tafi ba? Za ka makara." A hannunsa na koyi jiƙa hula, da goge ta da buroshi ba tare da an tsinka zare ba, da dama sitaci, da kifa ta a kan katako ta sha rana, da bugu har ta yi sheƙi. Abu na farko da ya koya mini kuwa shi ne gwaji. Kowace sabuwar hula mai launi, kafin ta taɓa ruwan baho, sai ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan zaren. In launi ya fito a ƙyallen, wannan hular ita kaɗai za a wanke, nesa da sauran. A layinmu kuma akwai amana: hular da ta biyo ta hannun ɗan'uwanka mai sana'a, in ya ce ya duba, ba ka sake dubawa.

Shekara uku ina wurin kafin Yohanna ya zo. Ni na je na ɗauko shi, ni na roƙi Alhaji ya karɓe shi, har wandon da ya sa ya shigo birni nawa ne. Cikin shekara guda yaron nan ya wuce ni. Ban san me Allah ya sa masa a hannu ba. Ruwa ɗaya, sabulu ɗaya, sitaci ɗaya, amma tasa hular in ta fito sai ta tsaya cak kamar ba a taɓa sa ta ba, tawa kuwa ga ta nan dai, hula. Mutum zai zo ya miƙo hularsa, in kai hannu, ya ce, "A'a Malam Haruna, ƙaramin nake jira." Ga shi da dariya, ga sanin sunan 'ya'yan kowa. Ni kuwa fuskata kin san ta.

Da ƙarfin Alhaji ya ƙare, ya raba mana wuri, kowa da rumfarsa, muna kallon juna a lungu ɗaya. Ni ya ba ni manyan bahuna da dutsen guga. Yohanna kuwa ya ba shi kawunan katakonsa na kifa hula guda bakwai na icen ƙirya, waɗanda ya gada daga ubansa, sun yi baƙi sun yi sulɓi saboda daɗewa, da sandar bugunsa. A kuɗi nawa kason ya fi tsada. Amma duk Koki an san ma'anar wanda aka ba katakon. Na durƙusa na yi godiya, na koma rumfata na kasa cin abincin rana.

Ga kuskurena na farko, Rifkatu: ban taɓa kiran abin da sunansa ba. Na ce ina fushi ne don an raina babba. Na ce ina yi wa Yohanna gudun girman kai ne. Hassada ce tsagwaronta. Inda za ki je za ki tarar da wadda kuka fara aiki rana ɗaya, marasa lafiya su riƙa neman ta da suna, likita ya riƙa yabon ta a gabanki. Ba za ki ji daɗi ba, domin jinina ne a jikinki, na kuma ga yadda kika yi ranar da ƙawarki ta fi ki maki. In kin ji haka kada ki nemo wa abin riga mai kyau. Ki shiga ɗaki ki ce, Ubangiji, ina hassadar wance, ki faɗi sunanta da bakinki, ki roƙa mata ƙari. Da ɗaci, amma ya fi sauƙi a ranar farko.

A wannan lokacin ne aka fara ba ni karatun Maganar Allah a sujada, saboda ina da murya. Ba abin da nake so kamar wuraren da annabawa suke shelar hukunci a kan al'ummai. Babila da ta ga kamar ba mai taɓa ta, Masar da sarkinta ya ɗauka kogin ma shi ya yi wa kansa, Mowab da aka san ta da fankama, Taya mai jiragen ruwa da kasuwanni. In na tsaya ina karanta faɗuwarsu har gumi nake yi don daɗi. A zuciyata kowace ƙasa na riga na ba ta fuska. Babila ita ce attajirin da ke jefo mini hula ta tagar mota ba sallama. Taya 'yan kasuwar da ke raina mu. Ni kuwa kullum ina gefen annabin, ina tsaye ina nuna yatsa. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko ina cikin jerin ba.

Kada ki karanta Maganar Allah haka. Akwai annabin da ya bi maƙwabtan Isra'ila ɗaya bayan ɗaya yana faɗin laifinsu, mutanensa suna sauraro, ina jin har suna gyaɗa kai, sai ya juyo ya sauke mafi nauyin a kansu su da kansu. Na karanta wurin ya fi a ƙirga ban ga juyin ba. In kin ji wa'azi ya dace da wata abokiyar aikinki daidai wa daida, ki tsaya tukuna ki gwada shi a jikinki.

Yanzu ga ranar. Kina da shekara uku. Saura kwana uku Sallah, lokacin da hula ke taruwa a layinmu har ba wurin sa ƙafa. Rumfar Yohanna ta cika ta batse, tawa rabi. Da hantsi wani mutum ya kawo mini sababbin huluna biyu masu aikin jan zare, ya ce a cire musu ƙurar kasuwa a buga. Na jiƙa ƙyallena na goga. Ja ya fito sharr, ko matsawa ban yi ba. Zaren banza ne, irin wanda ke zuba. Na rataye ƙyallen a ƙusa. Maimakon in gaya wa mutumin, sai na ji bakina yana cewa, "Aiki ya yi mini yawa, kai wa ƙaramin can, ai shi ne gwani."

Allah ya sani, a lokacin ban shirya komai ba, baƙar magana kawai na yi. Amma abin da ya biyo baya da idona buɗe na yi shi. Yohanna ya karɓi hulunan, hannunsa duk kumfa, babban bahonsa cike da farare da masu ruwan toka na manyan mutane. Ya ga daga wurina mutumin ya fito. Ya ɗaga hulunan sama ya kira ni daga tsallaken lungu.

"Yaya, ka duba waɗannan?"

Na ji shi sarai. Na ɗago, muka haɗa ido, na ɗan gyaɗa kai, na ci gaba da goga buroshina. Ban ce e ba, kuma shekara ashirin ina fakewa da wannan, cewa ai ban ce e ba. Ya jefa su cikin bahon ya juya ga mai jiransa.

Kafin ya waiwayo ruwan ya zama kamar zoɓo. Huluna sun fi talatin. Na ga yadda ya zura hannu yana tsamo su ɗaya ɗaya yana zubawa a ruwan sanyi, yana cewa, "Wayyo Allah, wayyo Allah." Jan ya riga ya kama. Kafin la'asar labari ya zagaya Koki har Sheshe, masu huluna suka cika lungun. Wani ya kama shi da wuyan riga. Wani ya zage shi har da iyayenmu, wato har da ni ke nan, ban motsa ba. Wanda ba na mantawa shi ne wani dattijo daga Sheshe da bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki tasa hular yana juya ta a hannu, ya ce ta mahaifinsa ce marigayi, sau biyu kawai yake sa ta a shekara. Yohanna ya durƙusa a cikin ruwan wankin yana ba shi haƙuri, dattijon ya sa hular a aljihu ya tafi.

Ina tsaye a bakin rumfata da buroshi a hannu, kuma daɗi nake ji. Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa, domin ita ce gaskiya. Daɗi na ji, mai sanyi, tun daga wuya har ciki. Da mutane suka fara kwashe hulunansu da ba a kai ga jiƙawa ba suna tambaya ina za su kai ga Sallah ta matso, na ce, "Ku kawo nan." Har na ƙara da cewa, "Yaro ne, gaggawa gare shi, na sha gaya masa."

Alhaji Sule ne ya fito daga zaurensa yana dogara sanda, ya ratsa mutane ya tsaya tsakaninsu da Yohanna. Ya ce, "Duk mai son dukan yaron nan ya fara da ni, ni na koya masa." Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba jininmu ɗaya ba, ga tsufa, shi ya tsaya inda ya kamata in tsaya. Da taron ya watse ya biyo ta rumfata zai koma gida. Idonsa ya sauka kan ƙusa.

"Haruna, wannan ƙyallen fa?"

Na ce, "Na jiya ne, Baba."

Ya taɓa shi da yatsa, da sauran danshi. Ya dube ni ya daɗe, ya wuce. Har ya rasu bai tona ni ba, bai kuma sake zama a bencina ba. In na gaishe shi yakan amsa, shi ke nan. Yana juya baya na cire ƙyallen na cusa a ƙasan wani buhu.

Yohanna bai ƙara buɗe rumfa ba. Ba wanda ya kore shi, kunya ce ta hana shi bin lungun. Bayan Sallah ya ɗauki matarsa suka tafi Malumfashi wurin danginta. Ranar tafiyar ya zo mini da kawunan katakon nan bakwai da sandar bugu, ya ce, "Yaya, ka ajiye mini, motar ba wuri." Ban ce ka zauna ba. Ban ce mu haɗa rumfa har ƙura ta lafa ba. Na karɓa da hannu biyu, washegari na kifa hulunan mutane a kansu. Bai taɓa tambayata abin da ya sa na gyaɗa kai ba, kuma wannan shirun nasa ya fi zagi ci mini rai.

Ki ji ni da kyau a nan, domin aikinki ba hula ba ne. Ni shiruna ya ɓata zare, naki zai iya kashe mutum. Rana za ta zo da za ki ga wadda ba kya so ta ɗauki maganin da ba shi ba, ko ta manta wani abu a takardar mara lafiya, wata murya ta ce miki ba ruwanki, bari ta sha kunya ko sau ɗaya a san ita ma mutum ce. Na san muryar, mun daɗe tare. Ki buɗe baki a take, ko da ita za a yaba daga baya, ko da ba za ta gode miki ba. In kuma ta riga ta faɗi, ana yi mata faɗa a gaban mutane, kada a same ki a bakin ƙofa kina kallo.

Bayan tafiyarsa kasuwa ta buɗe mini. Duk Koki ni ne. Na faɗaɗa rumfa, na karɓi tasa ma na haɗa, na sa aka rubuta sunana a allo da manyan baƙaƙe. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. A coci nakan tashi in ba da shaida cewa Ubangiji ya ɗaukaka ni saboda aminci, mutane suna cewa amin. Amma ko a lokacin sai wani ya karɓi hularsa ya juya ta ya ce, "Ta yi kyau, amma ina labarin ƙaramin nan? Hannunsa daban ne." Ina da katakonsa, ina da rumfarsa, ina da mutanensa, hannun ne ban samu ba. Sai in wuni ina huci, in dawo gida in sauke a kan Mamanki.

Wata Lahadi fasto ya ba ni karatu a kan Edom. Kin san Edom zuriyar Isuwa ce, babban wan Yakubu, 'yan'uwan Isra'ila na jini. Suna zaune a kan duwatsu masu tsawo, sun ɗauka ba mai iya sauko da su. Na tashi da muryata ta kullum, ina shirin jin daɗi. Sai na iske laifin da aka lissafa musu ba wai su suka rushe Urushalima ba. Wasu ne suka rushe ta. Su dai sun tsaya a gefe ranar masifar ɗan'uwansu, sun zuba ido, sun yi murna, sun buɗe baki sun yi fahariya, sannan suka shiga suka kwashi kayansa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya tsaya a lungunmu ran nan yana rubutawa. A ƙarshe aka ce abin da suka yi shi za a yi musu. Na tsaya cak a tsakiyar karatun. Na yi tari, aka kawo mini ruwa, wani ya ƙarasa karatun.

Da muka dawo gida na je na duba Taya, wadda nake ba 'yan kasuwa. Ashe ita ma abin da ya jawo mata shi ne ta yi murna da faɗuwar Urushalima don ciniki zai dawo wurinta. Wato "ku kawo nan" ɗina ke nan. Mamanki tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, yau karatun ya yi maka nauyi." Na ce mura ce. Ta ce, "To, Allah ya sauwaƙe." Ina zaton ta daɗe da sani.

Za ki ce daga ranar na tuba. Ina fa. Na yi kuka a ɗaki, na roƙi Allah gafara, na tashi na ci gaba da aiki a kan katakon Yohanna wasu shekaru goma sha wani abu. Na ce ai tsakanina da Allah ne, an gama. Wannan shi ne kuskuren da ya fi daɗewa a jikina. Roƙon Allah a ɓoye yana da sauƙi, domin ba ya sa maƙwabta su san ko wane ne kai. Abin da girman kaina ya ƙi shi ne in tsaya gaban ƙanena, wanda na kawo birni da wandona, in ce na cuce ka. In kin yi wa mutum laifi, Rifkatu, ki je wurin mutumin tun abin yana da ɗumi. Kada ki yi addu'a ki ɗauka ta isar miki da saƙo.

Kin tuna daminar da katangar ƙasa ta gidan da ke bayan rumfata ta faɗo. Kina makarantar sakandare. Da rana tsaka, ruwa kamar da bakin ƙwarya, Allah ya sa na fita sayen sitaci. Na dawo na tarar da allon sunana a cikin laka, hulunan mutane a ƙarƙashin ƙasa. Na tsaya a lungun nan, a daidai inda Yohanna ya durƙusa, masu huluna suna taruwa. Ba zan ce miki na san tabbas hukuncin Allah ne ba, katangu da yawa sun faɗi a shekarar, har na mutanen da suka fi ni. Amma ni na san abin da na tuna a wurin. Daga nan kasuwar ba ta koma yadda take ba, samari sun buɗe nasu wuraren, yatsuna kuma suka fara ƙagewa.

Na jira a yi mini dariya, don da an yi da na ji sauƙi. Sai ga Yohanna kwana biyu bayan haka ya sauko daga mota da buhun masara, ya tuɓe riga ya shiga tono laka tare da ni. Shi ya tono kawunan katakon, ya wanke su ɗaya ɗaya, ya jera mini su a rana. Na ce a raina yau zai ce a ba shi kayansa. Ya shafa ɗaya ya ce, "Yaya, ka riƙe su da kyau, ko tsaga babu." Kin san abin da na ji? Haushi. Mutanen Koki suna fitowa suna rungumarsa, har dattijon nan na Sheshe ya aiko a gaishe shi. Ya fi ni hannu, yanzu kuma ya fi ni zuciya, a gaban kowa. Ko alherinsa ma hassadarsa na yi. A cikin tonon nan na ga tsohon buhun da ƙyallen a ƙasansa, na yi maza na sa a aljihu kafin ya gani.

Ke ce ta farko a gidanmu da ta riƙe takardar aiki irin wannan, kuma ina alfahari da ke har ina jin tsoron alfaharin. Za ki sa farin kaya, mutanen ƙauye su durƙusa su kira ki likita. Ƙasashen nan da annabawa suka yi wa magana ba don suna da ƙarfi ko dukiya aka hukunta su ba, Allah ne ya ba su. Sun manta an ba su ne, suka kuma taka na ƙasa da su. In tsohuwa ta zo ba ta san sunan ciwonta ba, kada ki daka mata tsawa, ki tuna kakarki haka take. In an yabe ki ki karɓa ki yi godiya, kada ki waiga ki ga wa aka bari ba a yaba ba.

Game da zamanki a gidan Baffanki, ki zauna, ki yi masa biyayya kamar ni, ki riƙa duba masa jininsa kina lura da shan maganinsa. Za ki so shi, kowa yana son sa. Za ki ga yadda yake da 'ya'yansa, yana wasa da su, ki gwada da ubanki mai ɗaure fuska, ki ga bambanci. Ina rubuta wannan ina jin kishin. Har yanzu abin bai mutu ba, 'yata, kullum sai na sake kai shi gaban Ubangiji. Roƙona ɗaya, in kin kira waya kina ba ni labarin kirkinsa kika ji na yi shiru, kada ki daina. Ki ci gaba da faɗa, ina bukatar in koyi ji.

A cikin buhun akwai kawunan katako bakwai da sandar bugu. Nasa ne, Alhaji shi ya ba. A cikin na bakwai ɗin, wanda ke da rami a ƙasa, na cusa ƙyallen. Jan ya koɗe amma ana gani. Na san aika ki da na yi ragwanci ne, kamata ya yi in zo da ƙafata. Zan zo. Na gaya wa Mamanki ƙarshen watan nan za mu kawo miki sauran kayanki, kuma ko ya neme ni ko bai neme ni ba zan shiga ɗakinsa in durƙusa. Amma na san kaina, in ban tura wannan gaba ba zan iso in gaishe shi in tambayi gona in dawo. In buhun ya riga ni isa, ba ni da hanyar gudu. In kuma kin ga jikinsa ba zai kai ƙarshen wata ba, ki kira ni a ranar, ko ina tsakiyar wanki zan bari in hau mota.

Wataƙila bayan wannan takarda ba za ki ƙara kallona kamar da ba. Na yi tunanin haka kwana da kwanaki, ya fi komai tsorata ni. Amma gara ki san uban da kike da shi da ki ci gaba da ɗaukar wa Baffanki laifin da ba nasa ba a cikin gidansa, kina cin tuwonsa.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kiyaye ki daga irin zuciyar ubanki. Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiya ga duk wanda kika taɓa. Ki gaishe da matar Baffanki da yara duka. Mamanki ta ce kada ki manta man shafawa yana aljihun akwati na gefe.

In kin huta kin ci abinci, ki sami Baffanki shi kaɗai, ki ajiye buhun a gabansa, ki bar shi ya kwance da kansa. In ya zaro ƙyallen zai gane, tare aka koya mana. Amma kada ki bar ƙyalle ya yi mini magana, na gaji da gyaɗa kai. Ya yi mini tambaya shekara ashirin da suka wuce ban ba shi amsa da baki ba. Ki ce masa, Yayanka Haruna ya ce e, ya duba, ya ga jan, ya yi shiru, kuma yana nan tafe.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Haruna